A Yi Mana Rahoto Kan Gidan Gilashi Na Lina Bo Bardi

Mai girma Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon shafinku na tarihi ya waiwayi Gidan Gilashi da ke unguwar Morumbi a birnin Sao Paulo na ƙasar Birazil, wanda Lina Bo Bardi ta zana, aka kammala shi a 1951, a zamanin da da ƙyar ake jin sunan mace a sana'ar zanen gine-gine.

An haifi matar a birnin Roma a 1914, ta koma Birazil a 1946. Ta ɗora gaban gidan a kan siraran ginshiƙai bisa gangaren tudu, ta kewaye falon da gilashi, sannan ta bar fili a tsakiya inda bishiya ta ratsa ginin ta miƙe sama, yayin da ɓangaren baya ke zaune daram a ƙasa. A ganina, wannan girmama yanayin wuri ya fi gilashin kansa burgewa. Ta zauna a ciki har rasuwarta a 1992, kuma yanzu gidan ne mazaunin cibiyar da ke adana ayyukanta, inda ake karɓar masu ziyara.

Na gode.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku