Ranar da Ɗalibina Ya Kashe Mini Allo

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya baƙunta, ya ruwan saman Malesiya da ka ce ba ya ɗaukewa? Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta cika mana ɗakin kwamfuta, kullum sai mun kakkaɓe kibod kafin mu fara aiki. Saƙonka ya same ni tuni, ka yafe mini jinkirin amsa.

Ka tambaye ni wai da gaske ne an ba ni ajin makafi. Labarin ya ɗan sha gishiri kafin ya iso gare ka. Kwas ɗin nan ne na mu'amalar ɗan Adam da kwamfuta, wanda muka riƙa rainawa muna cewa na masu zane-zane ne, shi aka ba ni. To bana a cikin ajin akwai ɗalibai uku masu larurar gani: samari biyu da ba sa gani sam, da wata yarinya zabiya da ganinta ya yi rauni ƙwarai.

Ranar farko na sha kunya. Na tsaya gaban majigi ina ta zuba, ina cewa ku duba nan, ku danna wancan, sai ku jawo shi can ƙasa. Ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, nan ɗin ina ne?" Aji ya yi tsit. Shekara nawa ina koyarwa, sai ran nan na gane rabin darasina da ɗan yatsa nake yin sa.

Bayan an tashi na roƙe shi ya nuna mini yadda yake aiki. Ya zaro filashi daga aljihu ya soka, sai kwamfutar ta fara magana. NVDA ce, manhajar da ke karanta duk abin da ke kan allo da murya. Wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, kuma kyauta suke ba da ita. Wannan kyautar ce ta cece mu, don babbar yayarta JAWS, wadda ta fito wa Windows tun 1995, kuɗinta ya fi ƙarfin aljihunmu. Ta gwaji kuwa minti 40 take yi ta tsaya, sai ka sake kunna kwamfuta. Abin da ya fara ɗaure mini kai saurin muryar ne. Wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba, kamar mai gwanjo ya sha shayi. Shi kuwa yana saurare yana murmushi, wai don ni ma ya rage.

Sai ya miƙa hannu ya lalubo maɓallin allo ya kashe, ya ture mini maus gefe, ya ce, "Bismillah Malam, cika mana fom ɗin rajistar nan." Na ɗora manuniyata biyu a kan F da J, waɗannan 'yan ƙurajen da na shekara ashirin ina taɓawa ban taɓa gode musu ba. Na fara danna Tab. Murya ta ce botin, wato maɓallin da ake dannawa a shafi. Na ƙara, botin. Na ƙara, botin. Wanne ne na aikawa, wanne ne na sharewa, Allah masani, don wanda ya gina shafin hotuna ya jera bai raɗa wa ko ɗaya suna ba. Da kyar da jiɓin goshi na kai ƙarshe, sai ga karkatattun haruffan nan da ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne. Nan jirgi ya tsaya. Na ce to kai ya kake yi a nan? Ya ce sai ya jira mai ido ya zo wucewa. Wani lokacin har lambar sirrinsa yake faɗa wa mutumin da bai sani ba. Wannan maganar ta kwana a raina.

Washegari na yage tsarin darasin na sake sabo. Yanzu duk ranar Laraba kowa allo a kashe yake aiki, ba maus, daga kunne sai kibod. Su koyi H don tsallakawa daga kanu zuwa kanu, Insert da F7 don jero mahaɗan shafi, Control don rufe wa muryar baki. Da farko masu ido suka yi ta ƙorafi, wai su ba makafi ba me ya kai su. Ban ce musu komai ba. Na ba su aikin gina shafi, na ce waɗannan ukun su ne alƙalai, duk shafin da suka kasa kaiwa ƙarshensa an zubar da rabin maki.

Akwai wani yaro gwani, shafinsa ya yi kyau kamar katin biki, rubutu ruwan toka a kan fari, abubuwa na shawagi. Zabiyar nan ta danna maɓallin Windows da alamar tarawa, ta ƙara girman allo har hancinta na neman taɓa gilashi, ta ce ita fa hazo kawai take gani. A nan na shigo musu da ƙa'idojin WCAG na gina shafin intanet yadda masu larura za su iya amfani da shi, waɗanda suka ce tazarar haske tsakanin rubutu da bangonsa kada ta gaza 4.5 bisa 1. Da a allo na rubuta musu wannan lamba, da haddacewa za su yi su zubar bayan jarrabawa. Yaron ya gyara a daren, yanzu kuma shi ke bin samarin yana cewa don Allah a gwada masa. Ni a ganina masu idon nan sun fi cin ribar kwas ɗin, tunda su ne gobe za su gina manhajojin banki da na asibiti. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta sa ana ta maganar matakala da ƙofofi, amma kusan ba mai tuna cewa shafin intanet ma yana da ƙofa.

Kada ka zaci komai ya tafi sumul. Iyafis ba su ishe mu ba, in kwamfuta goma suka ɗauki magana lokaci guda sai ka ce kasuwar ƙauye. In an ɗauke wuta kuwa sai mu koma waya, mu yi da TalkBack, mai karanta allo ta Android, mai iPhone ɗaya tilo ya nuna mana VoiceOver. Sannan kunne ba ya koya wa mutum ƙa'idar rubutu. Saurayin da ya iya Burel, rubutun nan mai ɗigo shida da Louis Braille ya tsara a 1824 yana ɗan shekara 15, wanda tun 1953 ake koyar da shi a makarantar makafi ta Gindiri, ya fi ɗan'uwansa tsaftar rubutu nesa ba kusa ba. Da muka shiga Python, yaren rubuta manhaja, inda tazarar farkon layi ke iya rushe aiki, sai da muka sa NVDA ta riƙa yin ƙara, sauti na hawa gwargwadon zurfin layi. Yanzu da kunne suke kama kuskuren da ni nake nema da tabarau.

Babban ciwona dai Hausa. Muryoyin da ke kan na'urorinmu na Turanci ne, in suka karanta "ina kwana" sai ka rantse Baturen mulkin mallaka ne ya dawo. In suka ci karo da ƙ, ɗ ko ɓ, wani lokacin su haɗiye harafin, wani lokacin su tsaya suna kiran sunansa a tsakiyar kalma. Har ta kai samarin sun daina sa lanƙwasa a rubutunsu don murya ta wuce lafiya, ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da. Ina jan kunnensu, amma a raina na san ba laifinsu ba ne.

Shi ya sa ma na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa. Tunda bincikenka a kan sarrafa murya ne, ka tambayar mini malaminka awa nawa na tsaftatacciyar magana ake buƙata kafin a gina murya mai sauraruwa, da irin makirfon da ya dace. Masu karantawa ba matsala, akwai wata ɗaliba mai murya kamar ta gidan rediyo, ta ce ko a hutu za ta zo. In kuma za ka taho da azumi kamar yadda ka ce, ka riƙo mana iyafis masu igiya ko guda goma ne, masu ƙwari, ba irin na bakin titi da ke mutuwa kunne ɗaya a mako ba. Ka kuma leƙa mini farashin na'urar Burel mai layi ɗaya, ko ta hannu ce.

Ka gaida uwargida da yara. Hajiya na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran man zafin da ka yi mata alkawari.

Wassalam,
Naka har kullum.