Kafin a taɓa tsohuwar kwamfutar zanen yanka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili domin mu ja hankalin masu kamfanonin ɗinki na Kano, musamman masu kwangilar yunifom a Sharaɗa da Bompai, kan kwamfutar da ke riƙe da zanen yankansu.

Da yawa na hannu aka sayo su, haɗe da injin zana takarda, kuma manhajar da ke ciki, ta zanen yanka, AccuMark ce ko Modaris ko Richpeace, a kan Windows XP ko Windows 7 take zaune. Microsoft ya daina kula da XP tun 2014, Windows 7 kuma a 2020. Hakan bai hana su aiki ba, muddin an raba su da intanet da filashin kowa da kowa. Abin da ya fi kashe su shi ne a kai wa mai gyara, ya yi fomat ya ɗora sabon Windows.

Manhajar ba ta buɗewa sai da makullinta, ɗan abin nan da ake sokawa a bayan kwamfuta. Tsofaffin makullai a kafar firinta mai rami 25 suke shiga, sabbin kwamfutoci kuwa ba su da ita. Wayar da ke juya USB zuwa wannan kafa tana iya tuƙa firinta, amma ba ta karanta makulli. Sai an dasa kati mai wannan kafa a cikin kwamfutar, shi ma sai direban makullin, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya gane shi, ya yarda da sabon Windows ɗin. Haka injin zana takarda: ta kafar COM, wata tsohuwar kafar waya a bayan kwamfuta, yake magana, kuma idan gudun saƙo ya saɓa, kwamfuta na kan 9600 shi yana kan wani, alƙalami ba zai motsa ba ko ya yi ta shirme. A rubuta waɗannan lambobi a takarda kafin a cire waya ko ɗaya.

Akwai kuma batirin CR2032 da ke kan babban allon da ke cikin kwamfutar, mai riƙe mata kwanan wata. In ya mutu kwanan wata ya koma baya, lasisi mai wa'adi sai ya ƙi buɗewa, a ɗauka manhaja ce ta lalace. A canza shi, a sa UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, a busa ƙurar hunturu daga fanka.

Amma dukiyar gaske zanen ce, aikin shekaru. Da farko a kwafe rumbun kwamfutar ɗungurungum zuwa wani sabo, a kunna da shi a ga ya tashi. Sannan a fitar da kowane samfuri a tsarin fayil na DXF, irin na AAMA ko ASTM da manhajojin ɗinki ke musayar zane da shi, kada a yi DXF na masu zanen gini, domin shi ba ya ɗauke da alamar haɗi da layin tsayin yadi yadda manhajar ɗinki ke fahimta. A tabbata fayil ɗin RUL ya biyo shi. A ciki ƙa'idar ƙara saizi take, in babu shi mai yiwuwa saizi ɗaya kawai zai iso. A lura da inci da santimita, kuskure a nan yana kumbura riga ko ya tsuke ta ninki 2.54.

Masu sayar da kwafin da aka fasa wa makulli suna nan, ba mu ba da shawararsa, don ranar da ya tsaya babu wanda za a kira. Mai son sabuntawa ya nemi dillali ya rubuta masa ko sabon zubin zai buɗe tsofaffin fayiloli ya kuma tuƙa injinsa. Tun 2021 da kamfanin Lectra mai Modaris ya sayi Gerber mai AccuMark, manhajojin biyu gida ɗaya suke.

Kada a kashe tsohuwar sai sabuwar ta ci jarrabawa: a zana murabba'i mai santimita 50 a auna da tef tsaye da kwance, a zana ƙarami da babban saizi na riga ɗaya a ɗora kan tsohon kwali, sannan a yanka guda ɗaya a ɗinka kafin a shimfiɗa bandir.

Wassalam,
Wasu masu fitar da zanen yanka, Sharaɗa, Kano