Baba Saje ya tafi, amma sauran 'yan mazan jiya na nan da ransu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah Malam Edita a ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan mahaifina da Allah ya yi ma rasuwa nan Gusau bayan babbar sallar da ta wuce. Tsohon soja ne, cikin waɗanda ake ce ma 'yan mazan jiya, duk unguwarmu ba mai kiran sunanshi na yanka sai dai Baba Saje, har mu 'ya'yanshi haka munka tashi muna ce mishi.

Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ƙaura Namoda. Sanda yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967 shi saurayi ne ko aure bai yi ba, gyaɗa da auduga yake nomawa tare da mahaifinshi, anka zo neman samari majiya ƙarfi sai ya hau jirgin ƙasa daga Ƙaura ya nufi Zariya, don lokacin jirgi na aiki lafiya lau. Ya shiga Daffo, wato barikin horar da sababbin sojoji, a matsayin kurtu, horon ma ba wani mai tsawo ba tunda bakin daga na ta cin mutane, sojan Najeriya da ba su wuce dubu 10 ba kafin yaƙi sai da sunka kai wajen dubu 250 a ƙarshe, to ina anka ga lokacin koya ma kowa aiki yadda ya kamata? Anka ba shi kaki da bindiga anka tura shi runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammed ke jagoranta.

Akwai tabon ƙuna a hannunshi na hagu tun daga kafaɗa har wuyan hannu, muna yara in ya tuɓe riga zai yi alwala sai mu yi ta leƙe, ba mai ƙarfin halin tambaya. Sai da na girma na yi iyali sannan ya buɗe baki ya gaya min a Abagana ya samo shi, watan Maris na 1968, ranar da sojan Biyafara sunka yi ma jerin motocinsu kwanton ɓauna a hanyar Onitsha, wuta ta kama tankar mai ta bi motocin da ke ɗauke da harsasai, mutane na ƙonewa yana ji yana gani. Abokinshi da sunka hau jirgi tare daga Ƙaura a nan ya tsaya, ko gawarshi ba a kawo gida ba, kuma Baba ne da ya dawo hutu ya je ya gaya ma tsohuwar yaron. Ya ce min wannan tafiyar zuwa gidansu ta fi mishi wuya da duk abin da ya gani a daji, har da nakiyar nan da suke ce ma bokitin Ojukwu.

Wallahi ban taɓa jin Baba ya yi alfahari da yaƙin nan ba ko sau ɗaya. Abin da ke tsaya mishi a rai yaran da ya gani ne yunwa ta kumbura musu ciki, in ya tuna sai ya yi ta istigfari. Shi ya sa a gidanmu ka zagi wata ƙabila to ranar za ka san soja ya haife ka. Yana jin Ibo kaɗan-kaɗan da turancin bariki, in ya shiga kasuwa wajen masu sayar da kayan gyaran babur sai ka ji suna ta raha kamar ba su ne sunka yi ta harbin juna ba. Maganar Gowon ta bayan yaƙi, cewa ba wanda ya ci nasara ba wanda aka ci, shi da gaske ya riƙe ta. Inna ta ce ranar 13 ga Fabrairun 1976 da anka kashe Murtala ko abinci bai ci ba.

Da igiya uku, wato muƙamin saje, ya bar aiki, ya dawo gida ya koma gona, ya ɗan taɓa gadi a masaƙa nan Gusau, da haka ya sa mu makaranta mata da maza, ya aurar da na aurarwa. Mutum ne mai tsare lokaci ƙwarai, kafin ladan ya yi kiran assalatu ya riga ya share ƙofar gida ya kunna rediyo, takalminshi ko na roba ne sai ya goge. Yana da zafi, wannan gaskiya ne, amma in yaro ya kwanta ciwo shi ke kwana zaune.

To Malam Edita abin da ya sa na ɗauko wayata nake wanga rubutu shi ne yadda ƙarshen rayuwarshi ya kasance. Mutumin da ya je har gaɓar kogin Neja don ƙasa ta zauna ɗaya, sai ga shi da tsufanshi gonar ubanshi ta gagare shi zuwa. Ɓarayin daji sunka fara da kore shanu, sunka koma ɗaukar mutane, daga baya sai an biya su haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi, shi kuwa ya rantse ba zai ba ɗan ta'adda ko sisi ba, da ƙyar da roƙo munka ɗauko shi munka kawo shi gidan haya a Gusau. Kullum yana tambayar ko hanya ta yi kyau ya je ya ga kabarin iyayenshi. Bai koma ba har Allah ya karɓi abinshi, nan munka rufe shi.

Ga kuma wahalar fansho. Tsoho da ƙafa ta kumbura ido ya yi rauni a ce sai ya bayyana da kanshi wajen tantancewa, mu tallabo shi mu sa a mota, a je a zauna kan benci tun safe tare da wasu tsofaffin irinshi, wani da sanda wani jikanshi ke jan shi, wani takardar sallamarshi ta ƙone sanda anka sa ma ƙauyensu wuta ba shi da abin nunawa. Kuɗin da ke shigowa ko maganin hawan jini da na suga ba ya isa. Duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ana fareti, manya su ajiye furanni su saki tantabaru, ban ce wannan ba shi da kyau ba, Baba ma yana son ranar, yakan sa a fito mishi da lambobinshi a goge, amma masu ran fa? Wanda ya shiga yaƙin nan yana ɗan shekara 20 yanzu yana dab da 80, ba su da yawa kuma kullum raguwa suke.

Roƙona ga duk masu hannu a lamarin, a riƙa bin waɗanda ba su iya tashi har gida a tantance su, a yi musu katin asibiti da zai yi aiki a garin da suke zaune, matan da sunka bari kuma kada a bar su suna yawo da fayil daga wannan ofis zuwa wancan. Sannan ina kira ga malaman tarihi na Jami'ar Tarayya da ke Gusau da gidajen rediyonmu na Zamfara da Kebbi, musamman wajen Zuru inda gidaje da yawa sunka ba da soja, su tura ɗalibai da rikoda su zauna da dattawan nan su ɗauki labarinsu da bakinsu da Hausarsu. Ku ma 'yan jarida ku ware musu shafi ko sau ɗaya a wata, akwai abokan Baba da ke nan da ransu kuma in an zo da ladabi za su yi magana, ni da kaina zan raka wakilinku gidajensu.

Ina roƙon masu karatu su sa Baba a addu'a. Allah ya jiƙanshi ya gafarta mishi, ya sa aljanna ce makomarshi, da shi da abokan aikinshi da sunka riga shi, ya kuma kawo mana zaman lafiya a Zamfara mu koma gonakinmu. Amin.

Naku,
Ɗan marigayin, daga Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara