Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Daga Iyaye Masu Hawa Keke

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamaninka, ya ɗora ka a kan maƙiyanka. Mu talakawanka ne, magidanta da iyaye mata waɗanda keke ne ƙafarmu. Da shi muke kai yara makaranta, da shi muke zuwa neman abin sakawa a baki, da shi muke garzayawa asibiti idan zazzaɓi ya taso wa yaro cikin dare. Ba don raini muka ɗauki alƙalami ba. Abin da ya faru ranar Talatar da ta wuce ne ya hana mu barci.

Da sassafe ɗaya daga cikinmu ya goyo 'ya'yansa biyu, babbar a kariya, ƙaramin a kan ƙarfen gaba. Yana isa kwanar da ke dab da makarantar firamare, sai wata tifa ta taho a guje ta matse shi zuwa bakin titi. Bakin titin nan kuwa, ranka ya daɗe, nan ne murfin magudanar ruwa ya karye tun kafin damina, har yau ba a mayar da shi ba. Tayar gaba ta faɗa ramin, keke ya kife da su. Yarinya 'yar shekara 8 ta karye a hannun dama, hannun da take rubutu da shi. Waɗanda suka fara isa sun tarar da ita zaune a ƙasa da takalmi ƙafa ɗaya, littattafanta suna yawo a ruwan kwata, ƙanenta ya kasa ko kuka, sai karkarwa yake yi. Direban ko birki bai taɓa ba. Kan ka ce kwabo ya ɓace.

Uban yau kwana huɗu bai leƙa wurin aiki ba. Gargaren gaba ya lanƙwashe, sipok sun tsintsinke, kuɗin gyaran kuma sun tafi wajen ɗorin hannu. Uwar yaran ta rantse ba za ta sake barin su hau keke ba, alhali ita ma ta san babu wani abin hawan da gidan zai iya ɗauka kullum.

Allah ya taimake ka, wannan ramin ba baƙo ba ne a wurin hukuma. Mun kai kuka wajen mai unguwa, mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, an taɓa turo mutane suka auna suka tafi, an ce mu jira bayan damina, damina ta wuce wata ta shigo. Mu da kanmu mun jera katako da tsohuwar taya don a riƙa ganin wurin, ruwan farko ya kwashe su. Mun yi haƙuri har haƙurin ya fara kama da yarda.

Kuma ba ramin kaɗai ba ne. Duk tarkacen titi, kwalba da ƙusa da yashi, gefen da aka bar mana suke taruwa. Mutum ya fito da wuri da yaro a baya, taya ta sace, ya tura keke neman mai faci, kafin ya isa an rufe ƙofar makaranta, a wurin aiki kuma a rubuta masa latti. Masu mota sun mayar da gefen hanya wurin ajiya, dole mai keke ya kutsa tsakiyar titi da yara. Da magariba babu fitila ko ɗaya daga kwanar zuwa gada, uwa tana tsaye a bakin ƙofa tana leƙe har sai ta ji ƙarar ƙararrawa. A bakin asibiti da makaranta babu ko ƙarfe ɗaya da za a ɗaure keke, wanda aka sace wa nasa kuwa gidansa gaba ɗaya ne ya koma tafiyar ƙasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato irinmu. Ita ma shawararta ita ce kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane da motoci ke cuɗanya. Tifar da ta matse ɗan'uwanmu kuwa a ƙofar makaranta take sheƙa gudu, a lokacin da yara ke tsallaka titi.

Don haka muke durƙusawa gabanka, uban ƙasa, ka isar da kukanmu ga ƙaramar hukuma da bakinka, don bakinka ya fi namu nauyi. A rufe ramin nan cikin makon nan, da murfin siminti ko na ƙarfe, ba katako ba. A sa tudun rage gudu kafin makaranta da bayanta. A hana manyan motoci bin hanyar a lokacin shiga makaranta da lokacin tashi. A share gefen titi, a kori masu ajiye motoci a kai, a ja layi ko da na fenti ne a ce nan na masu keke ne. A gyara fitilu. A kafa wurin ɗaure kekuna a asibiti da makaranta. A kuma binciko direban nan, don akwai waɗanda suka ga motar kuma a shirye suke su yi bayani. Idan an ce babu kuɗi, mun yarda mu kawo ƙarfinmu da shebur ɗinmu, a ba mu izini da ma'aikaci ɗaya da ya san aikin.

Amma ramin, ranka ya daɗe, ramin dai shi ne kan gaba. Gobe da safe ma ta bakinsa za mu wuce da 'ya'yanmu.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Iyaye da magidanta masu hawa keke, tare da sa hannunmu a takardar da ke biye.