Zuwa ga Aminu, kan maganar jirgin ruwan nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jidda, ya aiki, ya Hajiya da yara? Da fatan kowa lafiya. Nan Sakkwato sai godiya, zafi dai na ta gasa mu kamar yadda ka sani, 'yan majalisarmu ta Mabera duk sun ce in gaishe ka.

Na saurari saƙonka, wai in an yi hutun yara za ka kwashi iyali ku shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa ku zaga Bahar Maliya. Wallahi na yi murna, Hajiya ta cancanci hutu. Tunda kuma ka nemi shawarata to ga ta, amma ka yi haƙuri za ta yi tsawo. Ni ba nutsewar jirgi nike ji maku ba, miliyoyin mutane na hawa duk shekara su sauka lafiya lau. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne mi ma'aikatan jirgi ke gaya ma fasinja in abu ya ɓaci, da kuma yaushe suke gaya masu.

Ka tuna jirgin ruwan yawon shaƙatawan nan Costa Concordia? Daren Juma'a 13 ga Janairu 2012, kusa da tsibirin Giglio na Italiya, mutum sama da 4,200 a ciki, wasu na kan tebur suna cin abincin dare jirgin yab bugi dutse, gefensa yat tsage, ruwa yac cika ɗakin inji wuta taɗ ɗauke. Mi anka ce ma mutane ta lasifika? Wai matsalar lantarki ce, a kwantar da hankali ana gyarawa. Akwai ma bidiyon wata ma'aikaciya tana ce ma mutanen da sunka riga sunka sa rigar ceto su koma ɗakunansu. Hatta jami'an tsaron gaɓar teku da sunka kira jirgin, cewa anka yi ɗaukewar wuta ce kawai, alhali fasinja sun fara buga waya gida har dangi sun sanar da 'yan sanda. Sai da anka kwashe fiye da awa ɗaya sannan anka ba da umarnin a fice, lokacin jirgin ya riga ya karkace har sauko da kwale-kwalen ceto na gefe ɗaya ya zama aiki. Mutum 32 sunka rasu, ga gaɓa nan ana hango fitilunta. Shi kuwa kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ya bar jirgin tun da sauran mutane a ciki, daga baya kotu tay yanke mai shekara 16. Duk lokacin da na tuna awa ɗayan nan raina na ɓaci Aminu, don jirgin na tsaye a miƙe a farko, da an faɗi gaskiya da wuri da yawancinsu sun sauka cikin natsuwa.

Wani abin kuma, waɗanda sunka hau a tashar Civitavecchia a ranar ba a kai ga yi masu atisayen gaggawa ba, ba su san inda za su taru ba. Bayan wanga hatsari ne anka tsaurara doka, yanzu ana yin atisayen tun jirgi bai bar tasha ba ko da tashinsa. To don Allah ranar da kunka shiga kada ka ce gajiya, kada Hajiya ta ce ita kunya take ji ta zauna ɗaki, ku fita gaba ɗaya har autarku ku je ku ga wurin taruwarku da idonku, lambarsa na jikin katin ɗakinku da bayan ƙofa. Ka nuna ma yara ƙarar da ake busawa, gajeru bakwai sannan doguwa ɗaya, in sun ji ta ba jiran kowa sai wurin taruwa, kuma ta matakala, banda lifta.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba dai. A watan Maris 2019 Viking Sky ya rasa injinansa cikin guguwa a gaɓar Norway, man da ke shafe injin ne yay yi ƙasa, igiyar ruwa na jijjiga jirgi sai injinan sunka kashe kansu, mutum 1,373 a ciki iska na tura su wajen duwatsu. Wancan kyaftin bai tsaya rufa-rufa ba, ya nemi agaji nan take, anka tara mutane da rigunansu, jirage masu saukar ungulu sunka kwana suna jan mutane da igiya ɗaya bayan ɗaya har 479, washegari jirgin yak kai tashar Molde. An ji raunuka amma ba wanda ya mutu a cikinsa.

Akwai kuma wahalar da ba ta kisa amma tana wulaƙanta mutum. Carnival Triumph, Fabrairu 2013, gobara a ɗakin inji a tekun Meziko, an kashe wutar amma lantarki ya tafi, da shi da iyakwandishan da ban ɗakuna, mutum sama da 4,000 na shawagi, anka raba masu jajayen ledoji su yi bukata ciki, mutane sunka fito da katifu sama suna kafa rumfa da zanin gado saboda zafi da wari, sai ranar 14 ga wata anka jawo su zuwa Mobile a Amurka. Kai da ke da tsoho mai ciwon suga ka yi tunanin wannan. In Baba zai bi ku, maganinsa ya zama na kwanakin tafiyar da ƙarin mako guda, kuma a jakar hannu. Ko jirgin Diamond Princess da korona ta tsare a Yokohama ta Japan cikin 2020 ai ba wanda ya shiga da shirin zaman mako biyu a ɗaki, mutum 3,711 ne, sama da 700 sunka kamu.

Ƙanen maiɗakina da ke karatu a Turkiyya ya taɓa shiga ɗaya da abokansa, nasu ba wani hatsari ba ne, iska ce tat taso anka fasa tsayawa wata tasha, komawa ma anka makara. Yac ce da asuba sun ga gari ta taga, can kuma sai sunka ga garin na nisa, ba wanda yac ce uffan har hantsi. Ya sauka wurin teburin karɓar baƙi ya tarar da layi har bakin matakala, wata dattijuwa riƙe da tikitin jirgin samanta tana nuna ma yarinyar da ke wurin lokacin tashi da yatsa, ita kuwa yarinyar idonta ya kawo ruwa, iyakar abin da take maimaitawa a jira sanarwa. Ita ma ba a gaya mata komai ba. Da kyaftin yay yi magana daga baya, da Turanci da wasu harsuna, yac ce ga ƙarfin iska, ga dalili, ga lokacin da ake sa ran isa, sai layin nan yaw watse kowa yak kama gabansa, amma jirgin saman da yawa ya riga ya wuce, har da nasa, kuɗin sabon tikiti daga nan gida anka tura mai.

Don haka kada ka sayi tikitin da zai tashi ranar da za ku sauka, in akwai wani jirgin sama a tsarin. Ka karanta takardar sharuɗɗan, kamfanonin nan na rubuta cewa suna da ikon canza hanya ko tsallake tasha. In kun sauka wani gari yawo da kanku ku dawo da wuri, da agogon jirgi ake aiki, kuma tafiya yake ya bar wanda ya makara. Likitan ciki ma da kuɗi ne, masu tsada, ka yi inshora. Kuma in ka ji ƙara ko ka ga ƙasa ta karkata, lasifika na cewa ba komai, ka tara iyalinka wuri ɗaya, kowa da takalmi da rigar sanyi, ku matsa kusa da wurin taruwa, in ashe ba komai ba ne kun yi asarar barcin awa ɗaya ne kawai.

Ina rubuta wannan ina tuna mutanenmu na Goronyo da Shagari da kwale-kwale ke kifewa da su kusan duk damina, su ko rigar ceton babu, balle wanda zai yi masu bayani, Allah ya jiƙansu da rahama.

Ka turo mini sunan jirgin da ranar tashi in kun tsayar, kuma ka bar ma yayanka lambar kamfanin tunda intanet ɗin cikin teku sai an biya. Ka gaida Hajiya da Baba, ka shafa mini kan yara. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Naka,
Bello