Haruffa masu kama da rubutun hannu: a san inda za a sa su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida don mu ja hankalin 'yan'uwanmu masu zayyana katin gayyata, fosta da allon shago kan haruffan kwamfuta masu kwaikwayon rubutun buroshi ko alƙalami, irin su Brush Script da Robert E. Smith ya zana a Amurka a 1942, da Comic Sans da Vincent Connare ya zana wa Microsoft a 1994.

Kyawunsu shi ne sakewa. Layin wasunsu yakan yi kauri nan ya sirance can, gefensu ba kaifi, sai mai karatu ya ji kamar mutum ne ya rubuto masa. Shi ya sa suka dace da sunan amarya da ango, ko allon mai shayi, ko littafin yara. Amma da kanu suka fi dacewa, kalma uku zuwa biyar. Idan aka zuba su a adireshi, kwanan wata da lambar waya, musamman idan girman harafin ya gaza lamba 14, siraran layukan sukan ɓace wajen bugu, har 1 ta yi kama da 7. Takardar asibiti ko sanarwar rasuwa kuwa ba wurinsu ba ne sam.

Kada a rubuta Brush Script da manyan baƙaƙe zalla. An zana ƙananan ne su riƙe hannun juna, manyan kuma su buɗe kalma kawai. Idan aka jera su, ba mai iya karantawa daga tsallaken titi. A allo, kowane inci 1 na tsayin harafi ana iya karanta shi sosai daga nisan ƙafa 10.

Babbar matsalar tana ga haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin waɗannan salon rubutun ba su da ɓ, ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ko ta bar akwati, ka ga "Ɗaurin Aure" da harafin farko a sandare, sauran suna lanƙwashe. Wasu sukan jefar da ƙugiyar baki ɗaya, wannan kuma zubar da mutuncin harshe ne.

Gyaran ba wuya. Kafin a fara aiki, a buga ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ a gani. Idan babu su, a rubuta b, d ko k a manhajar zane ta CorelDRAW, a danna Ctrl+Q don harafin ya koma zane, sannan a ja ƙugiyar da kauri daidai da sandar harafin. A mayar da duk rubutun zane kafin a kai wa mai injin bugu, domin idan ba shi da salon a kwamfutarsa wani zai fito. Ƙananan bayanai kuma a sa su da salon rubutu mai suna Andika, wanda ke da haruffanmu duka.

Wassalam.

Wasu masu aikin zayyana da ɗab'i,
Kano