Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: Ina Malamin Yake A Karatun Intanet?

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum, barka da aiki. Ba zan ja ka da nisa ba.

Ni malamin jami'a ne. Tun 2020, shekarar da korona ta zaunar da ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi a gida a faɗin duniya, nake koyarwa ta intanet, kuma ban taɓa ƙin tsarin ba. Na ga mai goyo ta gama digiri daga ɗakinta, na ga magidancin da ba zai iya ajiye aiki ba ya samu takardar da ya daɗe yana buri. Kukana ɗaya ne: abin da jami'o'i da yawa ke sayarwa da sunan karatun intanet, babu malami a cikinsa, kuma ma'aikatarka na sa hannu tana wucewa.

Bari in gaya maka yadda ake yi, tunda da hannuna ake yi. Zangon da ya wuce aka ɗora mini kwas mai ɗaruruwan ɗalibai, ni kaɗai, ga azuzuwana na cikin makaranta suna jira. Aka ce in sa kayan karatu a shafin. Kayan karatun nan tsofaffin takardun lacca ne da aka mayar PDF, wasu har da alamar biron wani a gefe. Jarrabawa kuwa ta canki-canka ce, ka zaɓi ɗaya cikin huɗu, kwamfuta ta ba ka maki. Daga farkon zango har ƙarshensa ban karanta layi ɗaya da waɗannan ɗalibai suka rubuta da tunaninsu ba.

Wata ɗaliba ta turo mini tambaya da ƙarfe ɗayan dare, ina jin lokacin ne yaranta suka yi barci. Tambaya ce mai kyau, irin wadda malami ke jin daɗin amsawa. Sai bayan kwana goma sha ɗaya na gan ta, ta nutse ƙarƙashin tulin saƙonni. Na amsa, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba komai Malam, ai na riga na ajiye kwas ɗin." Kuɗinta dai ya shiga, sunanta kuma yana cikin jimillar da ake kawo maka ana cewa an faɗaɗa ilimi.

Sannunku da ƙoƙari, ranka ya daɗe. An yanka kyalle, an ɗauki hoto a ɗaki cike da kwamfutoci, an karanta adadin waɗanda suka yi rajista, an tafa. Nawa ne suka gama? Wannan ba ya shiga jawabi.

Kuma ba wai ba a san yadda ake yi ba. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu na koyarwa daga nesa tun 1946, da takarda da gidan waya. Open University ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, ta gina tsarinta ne a kan mai jagora: ana raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da malaminsa da ke duba aikin gida, ya rubuta wa ɗalibi inda ya kuskure da dalili. Tun kafin intanet suka gane cewa nisan wuri ba ya hana karatu, rashin mai dubawa ne ke hanawa. Jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta buɗe digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta ta intanet a 2014, ta ɗauki mataimakan malamai masu yawa, kuma takardar da take bayarwa iri ɗaya ce da ta 'yan cikin makaranta.

Ɗaya ɓangaren ma, wato karatu ba malami mai dubawa, an gwada shi. A 2012 aka fito da shafukan karatun intanet na Coursera da edX, aka yi ta shelar cewa bidiyo zai maye gurbin aji. Da masu bincike suka duba kwasa-kwasan jami'o'in Harvard da MIT na Amurka a edX, sai suka tarar a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 wajen kashi 3 cikin 100 ne suka kai ƙarshe. Waɗancan kyauta ake shiga, wanda ya fita bai yi asarar komai ba. Namu ɗaliban biya suke yi, wasu da bashi.

Ina tuna maka, a 2015 duk ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da muradun ci gaba, kuma na huɗu ya yi alkawarin ilimin gaba da sakandare mai sauƙin kuɗi kuma mai inganci kafin 2030. Inganci na cikin alkawarin, ba ni na ƙara ba. Lokacin kuma ya kusa.

Akwai batun data da wutar lantarki, akwai masu biyan wani ya zauna musu jarrabawa, akwai masu ɗaukar aiki da ke yamutsa fuska in sun ji digirin intanet ne. Na bar su sai wani jiƙon, domin na ƙarshen ma daga rashin malamin nan ya samo asali.

Don Allah, ranka ya daɗe, kada a ƙara ba kowace jami'a izinin buɗe kwas ta intanet sai ta nuna ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, kuma cikin kwana nawa ake amsa wa ɗalibi. A tilasta musu buga adadin waɗanda suka gama, kusa da na waɗanda suka shiga. In kana shakkar maganata, sa wani jami'inka ya yi rajista a matsayin ɗalibi, ba tare da an sanar da kowa ba. Ya tura tambaya, ya fara ƙirga kwanaki.

Na gode.

Wani malamin jami'a